Ba sensa ce babu ba: zare a kan samon Kawu da ya ƙone sau biyu

1/ Samon rijiyar Kawuna a Jibiya ya ƙone karo na biyu cikin rani ɗaya. Mai haɗa sola ya zo, ya leƙa akwatin, ya kaɗa kai ya ce: "Ai Alhaji wannan kwantirolar makauniya ce, ba ta da sensa. Sai an sayo mai sensa." Ya yanka kuɗi. Kawu ya kira ni ina makaranta yana tambaya ko ya kai sansa kasuwa. Tun ranar nake cike, yau zan amayar. Zare ne, kuma mai tsawo 🧵

2/ Kafin a cika min akwatin saƙo: ba zan faɗi sunan mutumin ba, ba zan sa hoton shagonsa ba. Yana da iyali, kuma irinsa sun fi a ƙirga daga Katsina har Maraɗi. Maganarsa nake so in kama da kokawa, don na ji ta a bakin mutum huɗu daban-daban a shekarar nan, har da wani mai digiri.

3/ Matsayata a taƙaice, don masu gaggawa: moton da ake tuƙawa babu sensar gudu shi ya fi dacewa da wuri irin namu. Sai dai fasahar tana da sharaɗi guda, dole a gaya wa akwatin gaskiyar moton da aka ɗaura masa. Mu kuwa akwatin muke ɗauka, sharaɗin mu bar shi cikin kwali tare da littafin. In abu ya ƙone mu ce ai kayan China ne.

4/ Af, in na ce "moto" ina nufin injin lantarki mai juyawa, na cikin samo, fanka, injin niƙa, firij. Ba motar hawa ba, na san halinku 😅 Kuma kar ku raina shi. Sama da kashi 40 cikin 100 na lantarkin da duniya ke sha, irin waɗannan injinan ne ke lanƙwame shi.

5/ Wanda bai san Jibiya ba zai ce duk wannan hayaniyar a kan famfo ɗaya? Toh saurara. A Agustan 2019 aka rufe boda. A Nuwamban shekarar kwastam suka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa muna ciki tsundum. Manomin rani mai ban ruwa da injin fetur ya koma sayen mai a gora kamar mai sayen turare.

6/ Sai Afrilun 2022 aka buɗe mashigar Jibiya. Ba mu gama sauke numfashi ba, ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin kwanaki. Wata biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Yamai, aka sake garƙame Magama, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, har zuwa Maris 2024. Mu da 'yan'uwanmu na Ɗan Isa duk mun ga abu ɗaya: abin da ke zuwa a tanka ko a kan turke, takarda guda ta isa ta tsayar da shi.

7/ Rana ce kaɗai ba ta bi ta shingen kwastam. Shi ya sa mutane suka sai da dabbobi, wasu suka ci bashi, suka koma sola. Don haka in samo ya ƙone a wajenmu, sa ne ya ƙone. Albasar da ke jiran ruwa kuma ba ta san uzuri ba, kwana huɗu babu ruwa a Maris an gama da ita.

8/ Ga dam ɗinmu can a kan kogin Gada, tun ƙarshen shekarun 1980 aka gina shi, in ya cika yana riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 140. Tsarin ban ruwansa sai an ɗaga ruwan da manyan famfuna, kuma tun muna yara labarin ɗaya muke ji: yau babu dizal, gobe babu wuta. Ruwa kam muna da shi. Abin da zai juya moto ya ɗaga shi ne ke ba mu kashi.

9/ Toh mu shiga cikin akwatin. Kar ku gudu, babu lissafin da zai fasa kai.

Farantan sola wuta irin ta batir suke bayarwa, mai tafiya hanya ɗaya. Moton samo kuwa yana son wuta mai kai-komo, layi uku. Akwatin da ke tsakaninsu, wanda ake cewa kwantirola ko inbata, a jikin kwali za ka ga an rubuta VFD, shi ke yayyanka wutar sola ya ƙera mata kai-komon da moto ke so.

10/ Wutar NEPA kai-komonta 50 ne a daƙiƙa ɗaya, shi ne Hz 50 ɗin nan da kuke gani a jikin caja. Ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Shi kuwa akwatin yana iya ba da 30, ko 42, ko 50, gudun moto na bin abin da aka ba shi. Da hantsi ya lallaɓa, rana ta take ya sake masa mara. Kuma a hankali yake tayar da moto. In ka jona moto kai tsaye, a tashin farko yana fizgar karan ninki 5 zuwa 7 na abin da ya saba ci. Shi ya sa kwan ɗakinku ke lumshewa in mai niƙa ya kunna injinsa.

11/ Ga inda gizo ke saƙar. Sanin abin da ka aika wa moto daban, sanin abin da yake yi da shi daban. A samo na gama-gari, a Hz 50, maganaɗisun da koyil ke haifarwa yana zagaye 3,000 a minti ɗaya, amma sandar moton wajen 2,850 take yi. Kullum tana jan ƙafa a baya, kuma jan ƙafar na ƙaruwa in kaya ya yi nauyi. Wanda ke so ya tuƙa moto da kyau sai ya san ainihin gudun sandar nan.

12/ Hanyar da: a ɗaura sensa a gindin sandar. Enkoda ake ce mata. Wani ɗan faifai ne mai ƙananan tsagogi, sau da yawa 1,024, haske na ratsa su ana ƙirgawa, sai siririyar waya ta kai rahoto akwatin. A masana'antar Jamus mai share-share da na'urar sanyaya ɗaki, abu ne mai kyau ƙwarai.

13/ Yanzu ɗauko wannan faifan ka kawo shi garinmu. Ka sa shi a jikin injin niƙa cikin hunturu, ƙura daga sama, gari daga ƙasa, ɓera na jiran wayar da daddare. Ko ka zura shi mita 60 ƙarƙashin ƙasa cikin ruwa da yashi. Ranar da ya mutu, moto lafiyarsa lau, akwati lafiyarsa lau, amma komai ya tsaya cak sai an aiko da sabo daga Kano ko Legas. Wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Katsina a 'yan shekarun nan ya san "a aiko" ba ƙaramar kalma ba ce.

14/ Shi ya sa da Kawu ya haɗa ni da mutumin a waya, tambaya ɗaya na yi masa: "Oga, don Allah a ina za a ɗaura sensar?" Shiru. Can ya ce ai a cikin akwatin take. Jama'a, samon da shi da kansa ya zura a rijiyar nan a toshe yake ruf, wayoyin wuta kawai ke shiga cikinsa. Babu gurbin enkoda a jikinsa. Ko ya kawo kwantirolar miliyan goma, babu inda zai maƙala ta.

15/ Bari in yi adalci. Akwai wata sensa da ake sa wa rijiya, 'yar ƙarama, ta ruwa. Ana rataye ta saman samo, in ruwa ya ja ƙasa ta gaya wa akwatin ya tsaya. Wannan ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, kuma ba ta da tsada. Rijiyar Kawu ba a ma sa mata ba. Amma sensar ruwa daban, sensar gudu daban. Ya cakuɗa biyun ya kira kuɗin sabon akwati. Ko rashin sani ne ko da gangan, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

16/ Toh ta yaya akwati zai san gudun moton da ba ya gani?

Kun taɓa shiga motar haya daga Jibiya zuwa Katsina wadda agogon gudunta ke aiki? Ni dai ban taɓa ba 😂 Amma tambayi direban nawa yake gudu, zai faɗa maka, kuma ba zai yi nisa da gaskiya ba. Ya san giyar da yake, ya san yadda ya taka totur, kunnensa na kan kukan inji. Daga abin da ya bayar da abin da injin ya amsa masa yake gane gudun.

17/ Riƙe wannan da kyau, don duk zaren a kansa yake tsaye: direban ya iya haka ne saboda MOTARSA ce. Ya shekara biyar da ita, ya san tarinta da atishawarta. Sauke shi ka ba shi wata motar da bai taɓa hawa ba, ka rufe agogon. Kunnen nan da kake yabo shi zai yi masa ƙarya, ya shiga kwana da gudun da bai zata ba.

18/ Haka akwatin yake yi, sai dai shi da lissafi. Duk moton da ke juyawa, janareta ne a ɓoye. Kun tuna 'yar dainamon da ke goga tayar keken kakanninmu, ka ƙara gudu fitila ta ƙara haske? Moto ma yana haifar da tasa wutar da ke turo wadda aka ba shi baya, kuma ƙarfinta na tafiya da gudunsa.

19/ Akwatin ya san bolt nawa ya aika. Yana auna karan ɗin da ke fita a kowane layi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Sai ya cire kason da wayar koyil ta ci saboda turjiyarta, ya cire kason da ya tafi wajen gina maganaɗisu. Abin da ya rage shi ne wutar da moton ke turowa, daga nan ya ciro gudun. Kamar ka aiki yaro da dubu, ka san kuɗin mota, ka ga canji, ka gane nawa aka sayi kayan. In ba ka san kuɗin motar daidai ba, duk lissafinka ya rushe.

20/ Wato sunan ma da aka ba fasahar, "marar sensa", akwai ɗan zuƙi a ciki. Ma'aunan karan suna nan daram, sai dai a cikin akwati suke, a inuwa, a jikin bango, inda hannu ke kaiwa. An ɗauke idon daga gindin rijiya an dawo da shi sama. A garin da ƙura ke shiga har cikin kwanon tuwo, ni ban ga dabarar da ta fi wannan ba.

21/ Kuma abin ba na jiya ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 Karl Hasse a Darmstadt, sai Felix Blaschke na kamfanin Siemens a farkon 1970, suka nuna cewa ana iya raba karan ɗin moto gida biyu a lissafi: kason da ke gina maganaɗisu da kason da ke murɗa sanda, a tuƙa kowanne daban. A lokacin lissafin ya fi ƙarfin na'urori masu araha, sai da ƙananan kwamfutoci suka zo a shekarun 1980.

22/ A tsakiyar 1980 ɗin, Isao Takahashi da Toshihiko Noguchi a Japan, da Manfred Depenbrock a Jamus, suka fito da hanyar sarrafa ƙarfin murɗa kai tsaye. Kamfanin ABB ya kai ta kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, kuma babban abin tallarta shi ne yawancin ayyuka ba sa buƙatar enkoda. Ni ko haifuwata ba a yi ba a lokacin.

23/ Yau fa? Firij ko AC mai inbata da ke gidanku, kwamfresarsa a rufe take da zafi da mai da gas, babu sensar gudu a ciki. 'Yar jirgin nan da ke shawagi tana ɗaukar bidiyon biki, haka. Famfunan sola na Lorentz da ƙungiyoyin agaji ke sawa a ƙauyuka, waɗanda ake yabo da ƙarko, motocinsu marasa sensa ne. Abin da ake sayarwa da tsada ana alfahari da shi, shi aka ce wa Kawu makanta ce.

24/ Toh me ya ƙona samon? Na je gida ƙarshen mako da mita ta aro. Takardar moton, Allah ya sa Kawu bai yar ba, tana cikin ledar takardun gona: kilowat 2.2, am 5 da ɗan ɗoriya. Na buɗe saitin akwatin, wanda na kilowat 4 ne. Abin da ke ciki: moto kilowat 4, am 9. Yadda ya fito daga masana'anta, ko lamba ɗaya ba a taɓa ba.

25/ Kun gane abin da wannan ke nufi? Mai gadin da aka ce ya busa usur in moto ya wuce ƙarfinsa, an gaya masa ƙarfin 9 ne. Moton na iya shan 7, 8, yana dahuwa a hankali, akwati na kallo yana cewa ai da sauransa. Lissafin gudun ma da alƙaluman wani moton daban ake yinsa. An ba direba motar da ba tasa ba, an ce masa tasa ce.

26/ Na biyu. Bayan ƙonewar farko an kai moton wajen mai naɗin koyil. Ina girmama masu wannan sana'a, da ba don su ba da rabin injinan Arewa na bola. Amma moton da aka sake wa naɗi ba lallai ya dawo yadda yake ba, kaurin waya kan ɗan bambanta, turjiya ta canza. Akwatuna masu wannan lissafin suna da wani gwaji, ototiyunin, inda akwatin ke aika 'yar wuta ya auna moton da kansa tare da doguwar wayar rijiyar. Minti biyu zuwa biyar ne. Ba a yi ba da farko, ba a yi ba bayan naɗi.

27/ Na uku, wanda na fi zargi, kuma kusan babu mai maganarsa. Famfo irin wannan, tsayin da yake iya tura ruwa na faɗuwa da sauri fiye da gudunsa. Wanda ke kai mita 100 a Hz 50, a Hz 40 mita 64 zai kai. A Hz 35, mita 49. A Hz 30, mita 36 kacal. In daga fuskar ruwan rijiyarka zuwa bakin tanki mita 55 ne, to ƙasa da wajen Hz 37 famfon juyawa kawai yake, ko ɗigo ba ya fita.

28/ Shi kuwa samo ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi. Ruwa bai motsa ba, yana zaune yana dama ruwa ɗaya yana ɗumama shi. Yanzu tuna safiyar hunturu a Jibiya, hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan farantai, wuta 'yar kaɗan. Moto na iya shafe awa biyu yana wannan juyin banza, kullum, har wata uku. Akwatin na da gurbin da za a ce masa: ƙasa da kaza, ka kwanta ka jira rana. A na Kawu sifili ne a wurin.

29/ Masu ƙera samo da yawa ma suna rubutawa ɓaro-ɓaro cewa kada a bar shi ƙasa da Hz 30, kuma a haye zuwa 30 ɗin cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Dalili: abin da sandar ke zaune a kai daga ƙasa, siririn ruwa ne ke raba shi da gogayya, kuma ruwan ba ya shiga tsakani sai da gudu. A hankali-hankali cinye shi ake yi. Yana cikin littafin. Littafin na cikin kwali. Kwalin kaji ke kwana a ciki.

30/ Abin da ya fi ƙona min rai: wasu saitukan an kulle su da lambar sirri. Mutum bai saita komai ba, amma ya tuna ya sa kwaɗo. Na kira na ce Oga a taimaka da lambar, ya ce sirrin sana'a ne. Sirrin me? Akwatin Kawu, kuɗin Kawu, gonar Kawu. Sai da na mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta na faro daga farko.

31/ Na san 'yan ajinmu na nan suna wasa wuƙa: "ka ɓoye raunin fasahar." Ban ɓoye ba, ga shi. A ƙaramin gudu, wutar da moto ke turowa 'yar mitsitsiya ce, a tsaye cak kuma babu ita sam. A nan ƙaramin kuskure a turjiya ya isa ya hautsina lissafin. Turjiyar tagulla kuwa na ƙaruwa wajen kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Koyil ya ƙara zafin digiri 50, ta ƙaru da kusan kashi 20. A Afrilun garinmu wannan ba labarin littafi ba ne.

32/ Shi ya sa babur da keke masu caji yawanci ke da 'yan sensoshi uku a cikin moton, na Hall, don su tashi daga tsaye da fasinja da buhu ba tare da fizge-fizge ba. Lif da injin ɗaga kaya ma a ba su enkodarsu, ban ce a cire ba, rai ne a rataye. Amma famfon ruwa da fanka ba sa neman ƙarfi a tsaye. Nauyinsu sai sun ɗau gudu yake zuwa, daidai inda lissafin ya fi gani sosai. Raunin gaskiya ne, sai dai ba a gonar Kawu yake ba.

33/ Wani zai ce akwatuna masu araha da yawa ba sa ma wannan lissafin, bolt da Hz kawai suke ɗagawa tare su bar moto ya bi. Haka ne, kuma ga famfo na gama-gari sau da yawa hakan ya wadatar. Jabu ma akwai shi a kasuwa, mai lamba babba a kwali da hanji ƙarami a ciki, ban musa ba. Amma ko mafi arahar cikinsu na da gurbin am ɗin moto da gurbin mafi ƙarancin gudu. Kafin ka zagi China, nuna min ka cike waɗannan biyun.

34/ Yanzu bari in juyo gida, don ba mai haɗa sola kaɗai zan yanka ba. Ina aji huɗu a injiniyan lantarki. Na zana sta-delta a takarda har na gaji, na haddace da'irar moto na zubar a jarrabawa na ci. Amma ban taɓa danna maɓallin VFD a ɗakin gwajinmu ba, ko sau ɗaya. Abin da na yi a gonar Kawu, daga YouTube da littafin kamfani na koya, da datar da na saya da kuɗin abincina.

35/ Kuma duk shekara sai an yi furojet mai taken sarrafa moto babu sensa. A buɗe MATLAB, a sauko da zanen wani, a canza launin layi, moto ya juya sumul a allon kwamfuta inda babu ƙura, babu zafi, babu mai naɗin koyil. A ɗaure da baƙin bango, a ci A. Kai wa mai furojet ɗin akwati na gaske ka ce ya shigar da am, sai ya fara neman inda ake kunnawa. Da ni a cikinsu fa, wata shida da suka wuce.

36/ "Ai babu kayan aiki." Wallahi kuɗin da ajinmu ke tarawa na rigunan bankwana da liyafar gama makaranta ya isa ya sayi ƙaramin akwati da tsohon moto daga 'yan gwangwan, har a yi canji. Wayar da wasunmu ke karanta zaren nan da ita ta fi akwatin tsada. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, takardar muke so, ba moton ba.

37/ Wanda kuma zai ce ɗan boko ya zo yana raina masu sana'a, a'a. Mutumin nan ya iya abin da ban iya ba. Ya san yadda ake haɗa waya ta shekara cikin ruwa ba ta sha ba, ya san zura samo ba a sake shi ya faɗa ba. An miƙa masa littafi mai shafi fiye da 100 da Turancin da aka juyo daga Sinanci, wanda ya biyo ta Maraɗi kuma da Faransanci. Dillalin da ya ci riba a kan akwati ɗari bai ga ya dace ya buga shafi ɗaya da Hausa ba. Laifinsa a wajena guda ne: da bai sani ba, sai ya ƙirƙiro amsa mai tsada.

38/ Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, ta Jibiya zai bi. In Allah ya sa an gama, akwatunan nan za su riƙa zuwa tarago-tarago. Ina so in ga wa zai saita su.

39/ In za a haɗa wa mahaifinka ko kawunka sola a rijiya, kar a biya cikon kuɗi sai mai haɗawa ya nuna maka a allon akwatin cewa am ɗin da ke ciki shi ne na jikin moton. Ka ɗauki hoton farantin moton KAFIN a zura shi, don in ya shiga rijiya ya shiga ke nan. Ka tambaye shi a Hz nawa ruwa ke fara zuba a tanki, ya sa iyakar ƙasa sama da wannan kaɗan. Ya sa sensar ruwa. In ya kulle, lambar taka ce, a rubuta a bangon ɗakin. In ya fusata da tambayoyin, ka samu amsarka.

40/ Kawu dai bai sai da san ba. An sake naɗin moton, na shigar da lambobinsa, na yi gwajin, na sa ya kwanta in rana ta gaza. Da safe da ya ga famfo shiru har wajen tara ya kira ni a fusace: "Kai Injiniya, mi ka yi ma abin nan? Da can tun bakwai shike kuka!" Na ce Kawu kukan nan ne ya ci maka moto biyu. Ya yi shiru, ya ce toh, mu gani. Mako bakwai ke nan yanzu. Ba zan yi kuri ba sai ya ƙetare Afrilu. Albasar gefen gabas kam ta riga ta tafi.

41/ Ni da abokaina biyu mun fara juya shafukan saiti zuwa Hausa, shafi ɗaya ga kowane irin akwati, wanda za a iya liƙawa a bango. Mun gama uku. In akwai akwati a gonarku ko masallacinku ko makarantarku, ɗauko hoton gabansa da lambar da ke gefensa ka ajiye a ƙarƙashin zaren nan. Mutanen Maraɗi, masu na Faransanci ku turo, akwai mai karanta mana. Masu haɗa sola kuma ku zo, ba faɗa, har da Oga in yana gani. Nasa akwatin ne na farko da muka fassara.